Man da Ya Daskare Kamar Kitsen Rago

Inna,

Ina gaishe ki da Baba. Ya ƙafarsa?

Jiya bututunmu na yankin Mangistau ya koma aiki, bayan ɗanyen mai ya daskare a ciki kamar kitsen rago. Ni na lissafa ƙarfin da zai ture shi. Na tuna kin ce kitsen da ya huce a hankali ya fi tauri, na sa hakan a lissafin.

Da shugabana Serikbol ya ji zancen kitsen, ya ce, "'Yar kitse, in bututun ya fashe, sai ki koma kiwo." Bai fashe ba. Da hannunsa ya zuba mini shayi!

Ɗakina lafiya lau, da riga biyu dai nake kwana saboda sanyi. Ki aiko mini safar gashin raƙumi.

An ce za a tabbatar da ni a aiki. Takardar ba ta iso ba tukuna.

'Yarki,
Botagoz