Gobe Janar Zai Zo Gaisuwa

Saje,

Assalamu alaikum. Na san babu mai kai maka takardar nan, amma wa zan faɗa wa? Gobe mutumin nan zai zo Garo. Janar ɗinka.

Ka tuna yana kyaftin, siriri, kana tuƙa shi, kuka biyo ta gida ya ci dambuna har da suɗe kwano? Ranar da muka ji muryarsa a rediyo ya karɓi mulki, har guɗa na yi. Ka ce talaka ya huta. Ina hutun? Aka ce a tsuke bakin aljihu, kananzir ya ɓace a kasuwar Gwarzo. Ya ce a riƙa kiransa Shugaban Ƙasa, kuma ko tari mutum ya yi sai a ɗauke shi. Da ya gama da na nesa sai ya juyo kan na kusa. Wai kun ƙulla juyin mulki. Kai, direba! A rediyon dai na ji an harbe ku. Babu gawa, babu likkafani. Sallar ga'ib aka yi maka, na yi takaba da cikin Auta.

Yanzu mulki ya suɓuce masa, Shari'a ta zo, ya tsayar da gemu yana neman ƙuri'a. Ya aiko wa dagaci cewa zai zo yi mana ta'aziyya. Ta'aziyya, Saje, bayan Auta ya fi ni tsawo?

Kawunka Malam ya ce ba a korar mai gaisuwa. In zauna bayan labule, in ce amin, in ja bakina. Ya ce mutumin har yanzu yana da masu yi masa aiki, in tausaya wa yaron. Wallahi tsoro nake ji.

Amma Auta ya tambaye ni inda kabarinka yake, ni kuwa ban sani ba. Duk duniya wa ya fi baƙon gobe sani?

Kana raye kunya ta hana ni kiran sunanka ko sau ɗaya. Gobe zan ɗaga labule in kira sunan a gaban dagaci da Janar da sojojinsa, in tambaya ina suka binne ka. In ya faɗa, ɗanka zai zo ya tsaya a kanka.

Allah Ya jiƙanka, Haruna. Ka ji, na fara gwadawa.

Matarka, uwar Auta