Tsakuwar da Ka Bari a Gindin Katanga

Zuwa ga maigidana, Baban Godiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Na san inda kake ba a tambayar lafiya, don haka bari in ba ka labarin tamu. 'Yarka Godiya tana makaranta a Kano, lafiyarta ƙalau. Ni ma ina nan Haɗejiya, in je in koyar in dawo. Bana ruwa ya yi mana adalci, ya tsaya a fadama bai shigo unguwa ba. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ƙara nake da ita a kanka, kuma tun da ba ka nan balle in tsare ka a tsakar gida, zan faɗa a nan kowa ya ji.

Karyarka Ƙyalesu ta mutu. Ta haifi 'yan kwikwiyo uku, ta yaye su, sannan wata safiya ta kwanta ba ta tashi ba. Na ce tsufa ne, na haƙura. Ka san ita kaɗai ta rage daga irin da ka ɗauko a kwali tun daga gida, lokacin da aiki ya kawo mu garin nan. Yanzu waɗannan ƙananan su ne ƙarshen irin. In suka tafi, ba sauran abin da ka reno da hannunka da yake motsi a gidan nan.

Ana nan sai suka fara cin duwatsu. Da fari na ji ƙaras-ƙaras a bakin wani ja daga cikinsu, na ɗauka ƙashi ne. Na buɗe bakinsa na zaro tsakuwa. Kashegari ina shara na ga wasu a kashinsu. Na yi tsawa, na ɗaga tsintsiya, na bi su da gudu, amma da sun ga na nufo su sai su haɗiye da sauri. Ƙaramin cikinsu, mai farin wuya, ya fara amai, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Kafin in kai shi wurin malamin dabbobi ya mutu a zanina. Na yi kuka, Baban Godiya, kuma ban ji kunyar kukan ba.

Kai ne kake yawan cewa ƙasar nan ko dutsen jifan kaza babu, daga yashi sai laka. To duwatsun gidanmu duk naka ne. Tsakuwar nan ce da ka sa tifa ta kawo daga Dutse, ka yi ta kwasa da baro kana tarawa a gindin katanga, wai za ka yi wa Godiya ɗaki. Ciwo ya zo, ɗaki bai tashi ba. Mutane da yawa sun taya, na hana. Da yamma nakan zauna in dube ta, in ga kamar gobe za ka fito da shebur.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tulin nan yana da faɗi, amma gefe ɗaya kawai suke zuwa, wanda yake jikin katangar Malam Bukar mai kifi, maƙwabcinmu. Na je na tsuguna. Ana tsakiyar rani, ko'ina a bushe, amma wurin a jiƙe yake. Ƙudaje sun yi dandazo, ƙarni yana tashi, ga ɓawon kifi manne da duwatsun. Ni ba na wanke kifi a wurin. Wani ne yake zuba wani abu ta saman katanga in ba na nan.

Daga ranar zuciyata ta fara tono. Na tuna lokacin da Ƙyalesu ta sa baki a butar Malam Bukar a ƙofar gida, ya yi ta dirzar ta da ƙasa fuskarsa a murtuke. Na tuna yadda yake tattare rigarsa ya raɓa ta jikin bango in ya hango ta. Na tuna ya taɓa yi maka ƙorafin haushi. Har mutuwar Ƙyalesu na dawo da ita na sake dubawa, na ce anya tsufa ne? Na faɗa wa matan zumuntar cocinmu, wata ta ce, "Maman Godiya, guba ce ake sa musu a hankali. Mai gidan ya tafi, yanzu karnuka, gobe ke." Maganar ta zauna mini daram. Da safe in ya ce, "Malama, an tashi lafiya?" sai in amsa ina duban hannunsa. Kifin da matarsa take aiko mini ranar Juma'a na daina ci, sai in haƙa rami in binne.

Malamin dabbobi bai kama zancen guba ba. Ya ba su maganin tsutsar ciki, ya ce ɗan kwikwiyo mai fitar da haƙora komai ya samu sai ya tauna, balle abin da yake ƙamshin abinci. Ya ce in daina bin su da gudu, in riƙa miƙa musu ɗan nama su saki dutsen da kansu. In sama musu babban ƙashin saniya da igiya mai kauri, in ƙosar da su. Sannan ya ce duk wannan aikin banza ne muddin tsakuwar tana nan. Na ce masa tsakuwa ba inda za ta, mai zubawar nake nema.

Wata ranar aiki na nemi izini a makaranta. Na fita da jakata kowa yana gani, na zagayo ta baya na shige kicin na zauna. Da hantsi sai ga hannuwa biyu sun ɗago roba ta saman katanga, suka juye. Hanjin kifi ne da ruwan wankinsa, suka sauka a kan tsakuwarka. 'Yan kwikwiyon suka rugo suna kaɗa jela, alamar sun san lokacin. Na gane zoben azurfar da ke yatsan. Ko ɗankwali ban gyara ba na fita na same shi a zaurensa, robar tana hannunsa.

Ba zan maimaita duk abin da na faɗa masa ba, ka san bakina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malama, amana ce. Da na je duba mijinki Malam Yohanna a asibiti, ya riƙe hannuna ya ce in kula masa da karnukan nan, don ke ba kya son su, kada su kwana da yunwa." Ya ce tun daga rasuwarka bai fasa ba. Ba zai shiga gidan matar da mijinta ya mutu ba, ba ya kuma son yawun kare ya taɓa masa tufafin salla, shi ya sa ya zaɓi katanga. Na ce bai ga duwatsu ba ne a wurin? Ya ce, "Subhanallahi, in leƙa gidanki?" Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, mutumin nan bai san abin da ke bayan bangonsa ba. Ƙyalesu babba ce, ta iya tsince hanjin ta bar dutse. Ƙananan kuwa haɗawa suke yi su haɗiye.

Da na gaya masa ɗaya ya mutu, ya cire hularsa ya zauna a kan tabarma. Sannan ya ce, "Da hannuna ke nan."

To ga ƙarata. Na yi makonni ina zargin bawan Allah, ashe kai ma da zargina ka tafi. Gaskiya ne na sha cewa karnukanka sun ishe ni, na sha korar su daga bakin murhu. Amma wa yake ɗumama musu tuwo in ka yi tafiya? Kana kwance a gadon asibiti ina gefenka ina yi maka fifita, ka jira na fita ɗebo ruwa sannan ka ba wani amanarsu. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Har na fara tunanin me kuma ka damƙa wa mutanen unguwa ban sani ba. Mai shayi yana yi mini gaisuwa fiye da kima kwanan nan, shi ma ina lura da shi.

Tsakuwar ta tafi. Na ce mazan unguwa su kwashe su cike ramin nan na bakin masallaci da ruwa yake kwanciya duk damina. Da baronka suka kwashe. Ban iya tsayawa kallo ba, na shiga ɗaki har suka gama. Na share wurin na tsince 'yan ragowar da hannu, yanzu ba komai sai yashi. Ɗakin Godiya kuma, ta ce in bar zancen, ɗakina ya ishe mu.

Malam Bukar bai daina ba. Yanzu matarsa take dafa hanjin ta cire ƙaya, shi kuma ya turo kwanon ta rariyar da ke ƙasan katanga. Ja ɗin har yau in ya samu wani abu mai tauri yakan ɗauka ya tsaya yana kallona. Ba na tsawa. Sai in tsuguna in miƙa masa nama, ya ajiye ya zo. Jiya ya yi barci da kansa a kan ƙafata, ban motsa ba har ƙafar ta mutu. Ina so ka san wannan.

Ubangiji ya ba ka hutu a wurinsa, ya sāka wa Malam Bukar da alheri, ya raya mini biyun nan da suka rage, ya kuma wanke mini zuciya daga zato. Sauran maganar na ajiye ta, sai mun sadu a ƙafafun Yesu ka ba ni amsa da bakinka.

Matarka, wadda take ciyar da su,
Rifkatu