Wadda Ta Tsare Mini Na'ura

Madarumfa, watan Maris

Ƙawata Sakina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinmu na ƙarƙashin dutsen Italiya. Yaya gajiya?

Na tarar ɓarin jikin Baba ya shanye. Inna ba ta iya ɗaga shi, ƙannena kuma suna ci-rani a Najeriya. Ba zan dawo ba yanzu. Ki shaida wa shugaban labo, wato ɗakin bincikenmu, ya ba wani kwanakina na tsaron na'ura. Na san ƙa'idarmu: wanda bai yi tsaro ba, sunansa ba ya shiga takardar sakamako, kuma digirina a kanta ya rataya. Na yi kukana a bakin tafki, na haƙura.

Jiya ina ba shi kunu ya tambayi abin da muke nema a ramin nan na ƙarƙashin dutse. Na ce wata ƙwaya ce, nutirino, da ke ratsa jikinmu ba mu ji, kuma har yau ba a san nauyinta ba. Muna gadin wani ƙarfe, ko ƙwayar zarrarsa za ta rikiɗe ta fitar da elektron biyu, wato ƙwayoyin lantarki, babu nutirino. In mun gani, mun kama hanyar nauyin. Ya yi murmushi da rabin bakinsa, ya ce Allah ya nuna mana.

Taki,
Zuwaira

Madarumfa, watan Satumba

Sakina 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Baba ya rasu ranar Juma'a, kansa bisa cinyata.

Saƙon shugaba ya riga mutuwar zuwa. A nan na ji ba ki isar da maganata ba. Kin roƙe shi ya bar miki kwanakina a kan naki, kika yi su da sunana wata shida, har kin fasa zuwa bikin ƙanenki. Ga sunana a takarda. Ba mu ga rikiɗar ba, amma mun ƙara matse iyakar nauyin, kuma lissafina na bara yana ciki.

Na karanta wa Baba. Bai tambayi nauyin komai ba, sunanki ya tambaya. Da ƙyar maganar ta fita, ya ce: "Wadda ta zauna cikin rami don ɗiyata ta zauna kusa da ni, ita ma ɗiyata ce. Ki gaya mata."

To, na gaya miki.

Zan taho bayan sadakar arba'in, in sha Allahu. Inna tana sa miki albarka.

Taki har kullum,
Zuwaira Garba