Haruffa Biyu a Littafin Aiki

Zarobod, 6 ga Nuwamba, 2016

Zuwa ga Narzullo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da kai da matarka Gulbahor da yara. Na dai yi gaisuwa, kada a ce ban yi ba.

Ranar tara ga Afrilu, 2008, na shigo ofishinka a masana'antar gurzar auduga, lokacin kana akawun ma'aikata, ni kuma babban injiniya. Na ajiye maka takarda mai hatimin hukuma, wadda ta ce daga ranar sunana Mirzomurod Kosimzoda, ba Kosimov ba. Na yanke wutsiyar nan ta "-ov" da Rashawa suka liƙa wa sunan kakanninmu. Aikinka kawai ka shigar da canjin a littafin aikina, wanda ake rubuta shekarun aikin mutum a ciki. Sai ka ɗaga takardar a gaban matan ofis, ka ce, "Yaya, wanda ya shekara biyar yana shan miyar kabeji a Leningrad ne yau yake ƙyamar wutsiya?" Suka yi dariya. Tun ranar ban sake ce maka uffan ba sai a jana'izar Baba.

Ashe ba ka shigar ba. Shekara takwas ban sani ba, domin littafin yana kulle a ofis kamar na kowa.

A watan Yuli aka rufe masana'antar, aka miƙa wa kowa littafinsa a bakin ƙofa. Saura mini shekara huɗu in kai fansho, ba kuwa mai ɗaukar tsoho aiki. Na je ofishin marasa aikin yi don a sa ni cikin masu karɓar tallafi. Yarinyar da ke taga ta dubi fasfona, ta dubi littafin, ta ce, "Baba, wannan littafin na wani ne." Na ce wane ne wanin? Ta ce, "Wani Kosimov. Ka ce masa ya zo da kansa." Shekara talatin da huɗu na aiki, duk na wani ne. Wata huɗu ke nan ina sintiri. Abokan aikina sun karɓa sau uku, ni ko diram ɗaya ban gani ba.

Da yunwa ce kawai da ban rubuto maka ba. Ina da hawan jinin ido. Likita ya ce na dama zai jure da maganin ɗigawa, amma na hagu sai an yi masa aiki a Dushanbe kafin bikin Nauruz na watan Maris, in ba haka ba ya tafi. Abin da suka riƙe mini zai biya aikin. Narzullo, da safe nakan rufe idon dama in dubi taga, in ga nawa ya rage. Kowane mako gefen tagar yana ƙara shigewa duhu. Ban gaya wa matata Bahriniso gaskiyar abin ba, tana zaton tabarau kawai nake bukata.

A ofishin sun ce a kawo takardar canjin sunan ta asali da sa hannun akawun da ya riƙe littafin. Kai ne. Ba alfarma nake roƙo ba, aikinka ne da ka bari. Na ba direba Haitboy wasiƙar nan, ka ba shi amsa.

Yayanka,
Mirzomurod Kosimzoda

*

Sangdara, 13 ga Nuwamba

Yaya Mirzo,

Wa alaikumus salam. Haitboy ya miƙo mini wasiƙarka ina cikin garke, na ga rubutun nan naka mai kama da na takardar kammala makaranta, sai da na zauna a kan bokiti. Shekara takwas, kuma har yanzu ba ka iya gaisuwa ba! Muna lafiya. Gulbahor tana gaishe da Yaya Bahriniso, ga tuffa da zuma ta ba Haitboy, ka ƙirga tuffar don ka san shi da ci.

Dariya kam na yi, ban musa ba, bakina ba ya zama wuri ɗaya. Amma ba don ita na ƙi shigarwa ba. Washegari Baba ya zo ofis da sandarsa, ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya ce in nuna masa takardar. Ya daɗe yana kallonta, ka san ba ya karatu sosai. Ya ce, "Da Kosimov aka kira ni soja, da shi na biya kuɗin jirginsa zuwa makaranta. Yanzu sunana ya yi masa wari?" Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce muddin yana numfashi kada in taɓa littafin, kuma kada in gaya maka. Da ya rasu na bar aikin na dawo ƙauye, wallahi na manta. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Na buɗe akwatinsa jiya. Takardar tana nan cikin tsohuwar rigarsa ta soja. Ba zan ba direba ita ba, da kaina zan kawo. Gyaran ba wuya: layi ɗaya ake ja a kan tsohon suna yadda za a iya karanta shi, a rubuta sabon a sama, a yi bayani a cikin bango, akawu ya sa hannu, a buga hatimi. Ka jira ni in gama shigar da ciyawa, mako biyu.

Maganar ido ta hana ni cin abinci. Ina da saniya mai ciki, mahauci ya daɗe yana zagayarta. Ka ce to, in sayar, ka tafi Dushanbe gobe. Kuɗin hukuma ya zo ranar da ya ga dama.

Allah Ya ba da lafiya.
Ƙanenka, Narzullo, mai wutsiya har yanzu

*

Zarobod, 22 ga Nuwamba

Narzullo,

Salamu alaikum. Tuffa ta iso, zuma ma. Bahriniso ta gode.

Abin da ka faɗa game da Baba, ban san inda zan ajiye shi ba. Shekara biyu ina zuwa ina zuba masa shayi, yana kallona, takardata tana cikin akwatinsa. Bar wannan.

Ka bar saniyarka. Sa hannunka na nema, ba sadaka ba. Ni da na ɗora injinan da suka ciyar da rabin garin nan, ba za a ce an sayar da saniya mai ciki an yi mini magani ba, alhali haƙƙina yana kwance a cikin kwamfutar hukuma.

Jiya na koma. A layi akwai Sobir, wanda yake yi mana gadi a da. Ya ce, "A'a, injiniya! Yau wanne ya zo, kai ko ɗayan?" Layi ya kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Ku bar shi, shi mutum biyu ne, kuɗi biyu za a ba shi." Na kai taga, yarinyar ta ce kwamfuta ta tsaya. Na jira har azahar. Da ta tashi, sai ta ce fayil ɗina yana hannun shugaba, shugaba kuma ya tafi taro. Na ce, "'Yata, idona ne." Ta ce, "Baba, nan ba asibiti ba ne." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Sannan ta gaya mini abin da ba wanda ya taɓa faɗa mini: fayil ɗin da bai cika ba zuwa ƙarshen Disamba rufe shi ake yi, sai a sake daga farko.

Da na fito na yi karo da ƙofar ƙarfe ta hagu. A buɗe take, ban gan ta ba. Na ce wa Bahriniso santsi ne ya kwashe ni. Na fara ɗiga maganin sau ɗaya a rana maimakon biyu, don kwalbar ta kai.

Ka bar ciyawar nan ka zo.

Mirzomurod

*

Zarobod, 4 ga Janairu, 2017

Narzullojon, ƙanena,

Salamu alaikum. Ban san ranar da wannan za ta same ka ba. Haitboy ya ce dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kan dutse kwana biyu kafin ranar da ka sa, kuma wayarku ta ƙauye ta mutu tun lokacin. Zan bar ta a wurinsa, duk ranar da aka buɗe.

Na yi wauta. Ka karanta kai kaɗai.

Na jira ka har ashirin da bakwai ga Disamba. Da na ga saura kwana huɗu, na shimfiɗa littafin a kan tebur bayan sallar walaha, na ɗauko rula da alƙalamina na zane. Na yi yadda ka faɗa. Layi ɗaya, miƙaƙƙe. Na rubuta Kosimzoda a sama. Na yi bayani a cikin bango, na sa tara ga Afrilu, 2008, domin ranar ce gaskiya. Sannan na sa hannunka. Na san yadda kake murɗa harafin farko, ni na koya maka rubutu. Na ce a raina ba ƙarya na yi ba, abin da ya kamata a rubuta ne na rubuta.

Na kai ofis. Yarinyar ta buɗe, ta shafa da yatsa, ta ce, "Ina hatimi?" Sannan ta dube ni ta ce, "Baba, a watan jiya babu wannan. Ni na ɗauki hotonsa." Ta shiga ciki da littafin. Ba ta fito da shi ba.

Wani mai kwat ya kira ni ɗakinsa. Bai ce in zauna ba. Ya ce, "Malam mai ilimi, ka san sunan abin da ka yi a doka?" Na sani. Ya ce za a aika wa masu bincike, in zauna a gida in jira takarda, kada in bar gari. Na ce Dushanbe fa, asibiti? Ya ce, "Na ce kada ka bar gari."

Tun ranar, duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai in ce masu binciken ne. Mai kawo takardar kuɗin wuta ya ƙwanƙwasa shekaranjiya, na kasa tashi daga kujera. Shekarata hamsin da tara, ban taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba ko don neman hanya. In suka kulle ni, wa zai ɗiga mini magani? Kuma sunanka ne a ƙasan shafin. In sun tambaye ka, ka ce ba ka sani ba, gaskiya ce.

Bahriniso ta gane. Ta miƙo mini kofin shayi ta hagu, ta riƙe, ta riƙe, ban karɓa ba don ban gani ba. Ta ajiye a hankali ta ce, "Tun yaushe, Mirzo?" Ta cire 'yan kunnenta na aure ta kai kasuwa. Kuɗinsu ya sayi kwalbar magani biyu.

Da idon hagu yanzu kamar ta cikin bututu nake leƙe. Ina tsoro, Narzullo. Ban taɓa rubuta wannan kalma ga kowa ba.

In saniyar tana nan, na ce to.

Yayanka

*

Sangdara, 26 ga Fabrairu

Yaya,

Yau motar farko ta hau, Haitboy ya kawo wasiƙarka da ta kwana hamsin a aljihunsa. Sau biyu na gwada sauka da ƙafa, sau biyu masu gyaran hanya suka maido ni daga gada.

Kai da ka fi kowa karatu a gidanmu! Na ce maka ga yadda ake yi, ban ce ka yi ba. Amma ka kwantar da hankalinka. Zan tsaya a gaban mai kwat ɗin in ce hannuna ne, in ce kai ka kawo mini littafin na cika aikin da na bari. In akwai ɗauri, a ɗaure akawu, shi ya yi sakaci. Kada ka yi mini gardama, kai ma ka san ka kwaikwayi hannun da kyau.

Saniya ta haihu a Janairu. Na sayar da ita da ɗan marakin yau da rana. Gobe da sassafe ina cikin mota, da kuɗin da takardar Baba. Ka haɗa jaka, daga ofis sai Dushanbe. Ka ce wa Yaya Bahriniso ta dafa da yawa, na rame.

Narzullo

*

Dushanbe, 9 ga Maris

Bahriniso,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mun iso lafiya, muna kwana wurin ɗan'uwan Gulbahor. Ki yi haƙuri da rubutun, layin yana kauce mini.

Saƙonki ya same mu, cewa kuɗin ofis sun shigo gaba ɗaya. Ashe saboda binciken ba su rufe fayil ɗin a Disamba ba. Ki fara karɓo 'yan kunnenki. Sauran ki ajiye wa Narzullo, ko da zai rantse ba zai karɓa ba. Tarar da suka ci shi a kan littafin maimakon ɗauri, ita ma mu za mu biya.

Babban likita ya duba ni jiya. Ya haska, ya sake haskawa, ya tambaye ni me ya sa ban zo a Disamba ba. Narzullo ya buɗe baki zai yi bayani, na ce ya bari.

Rage ɗigon da na yi ya sa ciwon ya yi sauri, har ya taɓa ɗayan idon. Na dama za a yi masa aiki ranar Litinin, ya ce akwai fata. Na hagu ba za a taɓa shi ba. Jijiyar ta mutu, ba ya dawowa.

Ki gaida maƙwabta.

Mijinki,
Mirzo