A Buɗe Mana Ɗakin Felu Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga mai girma sabon Magajin Gari na komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, da kwansaye, 'yan majalisar da aka zaɓa tare da shi.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da barka da hawa kujera, ni ne Mamman mai shela, na unguwar gangare da ke bayan tafki. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba. Maƙwabcina ne ke riƙe da alƙalami, amma bakin nawa ne, in akwai laifi a ɗora mini.

Na karɓi gangar shela daga hannun ubana a shekarar da tafki ya ɓalle ya shigo unguwa, wadda tsofaffinmu har yau da ita suke tuna shekarun 'ya'yansu. Na ga katangar ƙasa ta zauna kamar raƙumi, da mutane a ƙarƙashinta. Daga wannan damina dattawa suka ɗaura alkawari: kowace shekara, kafin ruwan farko, a yi gayya a yashe kanibo, babbar magudanar da ke fitar da ruwanmu bayan gari. Mai unguwa ya sa rana, ni in yi shela, meri, ofishin Magajin Gari, ta buɗe ɗakin felu, wato shebur, da galma, kowane gida ya fito da namiji, mata su dama fura. Soja sun yi mulki, an yi. Farar hula sun karɓa, an yi. Bana ne kaɗai ba a yi ba, kuma ga dalili.

Na ɗaya. Waɗanda kuka kayar, lokacin da suka ga zaɓe ya matso, sai suka sa aka shafa wa ƙotar felunan nan fenti mai launin jam'iyyarsu, har da ƙofar ɗakin. Na ce musu ba kyau, suka yi dariya. Da kuka ci, samarinku suka sa wa ɗakin kwaɗo, suka ce ba mai fita da launin abokan hamayya a titi. Su kuma waɗancan suka ce ai kayan nasu ne tunda ga launinsu, wanda ya ci zaɓe ya sayo nasa. Ranka ya daɗe, felunan nan sun girmi jam'iyyun biyu. Akwai wanda ƙotarsa ta lotsa da tafin hannun ubana.

Na biyu, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Unguwar ta rabu. Mai unguwa ya tara mutane kan maganar, rabi suka ce in sabuwar meri ce ta kira ba su zuwa, rabi suka ce in mutanen tsohuwar meri suka fito, su sun koma gida. Mutanen da na san ranar sunan kowannensu, yanzu sai su yi sahu ɗaya a masallaci, su fito ba mai ba wani hannu. Na sha ganin gari ya sake hannu. Wanda ya faɗi yakan yi fushi, ya rufe ƙofa, amma ranar gayya yana cikin laka har gwiwa yana yi wa wanda ya ci ba'a. Irin na bana ban taɓa gani ba.

Na uku. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, wasu samarinku suka same ni a zaure. Suka ce ni ne bakin tsohuwar meri, don ni na yi shelar taronta lokacin neman ƙuri'a. Gaskiya ne na yi. Na yi ta taronku ma, da wannan gangar, da wannan maƙogwaron, kai da kanka ka ɗaga mini hannu daga cikin mota. Mai shela ba ya da jam'iyya. Ɓatan akuya nake faɗa, da rasuwa, da ranar allurar yara. Ɗayansu ya zaro aska ya tsaga fatar gangar a gabana, ya ce in aka sake jin muryata a titi ba ganga za a tsaga ba. Ba zan faɗi sunansa a nan ba, kakarsa ƙawar matata ce. Da yamma kuma wani babba daga cikin waɗanda suka faɗi ya aiko mini cewa in na yi wa sababbi shela, in san na ci amana. To ina zan sa kaina?

Ba na ɓoye maka, tun ranar nan a tsorace nake. In babur ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi. Amma akwai abin da ya fi askar yaron nan tsorata ni. Jiya wani ɗan'uwana ya shigo daga Tirmini, ya ce can har sun yi shuka. Da la'asar gabas takan yi baƙi. Kanibo kuwa ya cika da yashi da leda har ya yi daidai da titi, awaki na kiwo a kansa. Gidana shi ne na ƙarshe a gangare, duk ruwan unguwa ta ƙofata yake bi. Matata Hajara na kwance, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya sauka daga gado sai an ɗaga ta, ni kuwa ƙarfin ɗaukarta ya ƙare mini. In ta ji iska ta kaɗa kwanon rufi sai ta bi ni da ido. Ta san abin da na sani. Kuma ba mu kaɗai ba ne, layinmu duka ginin ƙasa ne, da masu ƙuri'arka da waɗanda suka hana ka.

Na je meri don in faɗa maka da baki. Mai gadi ya ce kana taro, na koma ya ce ka fita. Shi ya sa na sa aka rubuta inda kowa zai gani.

Ga roƙona. A cire kwaɗon nan. In launin ne damuwa, a kankare shi da fasasshiyar kwalba, ko a shafe shi da toka, ko ku shafa naku a kai, ni ba ruwana, laka za ta mai da su duka launi ɗaya. Ka aiko kwansaye ɗaya daga naku, ka roƙi ɗaya daga cikin waɗancan, su tsaya tare a bakin kanibo jama'a su gani. Ka kuma ja kunnen samarinka. Ba na neman a kama kowa, ba na neman a biya ni ganga.

Allah ya riƙa maka, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka sauka lafiya ranar da naka lokacin ya cika, don kujerar nan na ga mutane da yawa a kanta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrinta.

Ni dai gobe in Allah ya kai mu, da an sallame asuba, zan bi layi-layi in yi shelar gayya da baki kawai. Tsoro nake ji, amma zan fita. In na gama zan ɗauki galmata in shiga kanibo ta bakin masallaci in fara haƙa, ko ni kaɗai. In wani abu ya same ni, a can za a tarar da ni, kuma ina roƙo a aiko mutum biyu su ɗauke Hajara zuwa tudu.

Wassalam.

Mamman mai shela,
Damagaram.