Kwalbar Sifirit

Laraba da dare, Takur

Na kasa cin tuwo. Yau na nuna wa 'yan aji huɗu abin da ke narkewa a ruwa da wanda ba ya narkewa. Gishiri ya ɓace, yashi ya kwanta, man gyaɗa ya taso sama. Da na zuba sifirit, sai ɗalibina Sagir ya karanta jikin kwalbar ya ce, "Malam, wannan ba giya ba ce?" Na ce danginsu ɗaya, amma wannan na aiki ne. Shekara da shekaru ina darasin nan, amma tun da aka ƙaddamar da shari'a kunnen kowa a buɗe yake.

Da la'asar Baba maigadin makaranta ya ce wasu samari sun zo neman malamin da ke haɗa wa yara giya. Ya ce musu bai san shi ba. Suka ce ba komai, sun san gidansa.

Gobe zan koya musu tace yashi daga ruwa. Maganar nan kuwa ta riga ta narke a gari, ban san da me zan tace ta ba.