Tumatirin Rumfar Baba

Hunkuyi, cikin bazara.

Zuwa ga Yaya Haladu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya Ikko, yaya aikin reluwe? Yaya maiɗakinka Asabe da yara? Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Irin tumatirin da ka aiko ya yi kyau. Ka ce Turawan can a ɗakin gilashi suke shuka. Mu da ba mu da gilashi, sai na kafa rumfar kara a bakin rijiya, na kewaye da zana. Na haɗa da alayyafo da ɗoɗɗoya, irin wadda marigayiya Inna take sawa a miya.

Yaya, in ka shiga da rana tsaka, sai ka ce damina ce ta ɓuya a ciki. Haske na tsiyayowa ta tsakanin kara, ƙasa na ƙamshi. Baba, wanda tun rasuwar Inna ko zaure ba ya fita, yanzu can yake wuni a kan buzunsa. Shekaranjiya na tarar yana murza ganyen ɗoɗɗoya, ido a lumshe. Ya ce, "Sani, shinshina ka ji, kamar uwarku tana tsakar gida." Ranar ya cinye tuwonsa tas.

A sa mu cikin addu'a, a gai da Asabe da maƙwabta.

Tumatirin farko ya nuna jawur, amma Baba ya hana a taɓa, wai na mutumin Ikko ne. Jikin Baba fa ba yadda ka bari ba ne. Ka nemi hutu, Yaya. Kullum da safe sai ya leƙa ya ga ko tumatirin naka yana nan.

Ƙaninka,
Sani